Tsadar ƙwayoyin itace da komawa ga famfon zafi: yadda ɗumama gida ke sauyawa a Faransa

Daga watan Oktoba zuwa Afrilu ba a iya zama cikin gida a yawancin yankunan Faransa sai da abin ɗumama shi, kuma ɗumamar ce ke cinye kimanin kashi biyu cikin uku na makamashin da gida ke sha a shekara. Saboda haka duk lokacin da farashin abin ƙonawa ya motsa, aljihun iyali ne ke fara jin sa. A shekarar 2022 farashin ƙwayoyin itace, waɗanda gidaje fiye da miliyan ɗaya da rabi ke dogaro da su a ƙasar, ya ninka har ya wuce a cikin ƴan watanni. Tun daga nan masu gidaje da dama suka fara tunanin barin murhun itace su koma ga na'urar da Faransawa ke kira pompe à chaleur, wato famfon zafi, wadda gwamnati ke zuba kuɗi don yaɗa ta. Wannan bayani ya duba abubuwan biyu, da yadda ake lissafin riba da hasara a tsakaninsu. An yi canjin kuɗi a kan ƙayyadadden farashi na sefa 655.957 a Yuro ɗaya.

Mene ne ƙwayoyin itace

Abin da ake kira granulés de bois da Faransanci dusar katako ce da ake kwasowa daga masana'antun yanka itace. Ana busar da ita, a niƙe, sannan a matse ta da ƙarfi ta cikin ƙananan ramukan wani faifan ƙarfe, sai ta fito kamar guntayen taliya masu kauri. Kaurin kowace ƙwaya milimita 6 ne a mafi yawan lokaci, tsawonta kuma bai wuce santimita 4 ba. Ba a buƙatar gam, domin zafin matsewa yana narkar da wani sinadari da ke cikin itacen kansa, mai suna lignine, shi ne ke haɗe dusar idan ta huce.

Sirrin ƙarfinsu bushewa ce. Itacen da aka saro ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, wanda ya shekara biyu a ajiye kuma yana riƙe da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Ƙwayoyin itace masu inganci ba sa kai kashi 10. Shi ya sa kilo ɗaya ke ba da zafi na kilowat-awa 4.6 zuwa 5, wato irin ma'aunin kWh da ke kan takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ko ta EDF. A taƙaice, kilo biyu na ƙwayoyin daidai yake da lita ɗaya ta man fiyul, dangin gazuwal ɗin da ake ƙonawa a tsofaffin tukwanen ɗumama gida. Akwai tambura uku da mai saye ke dubawa a jikin buhu, ENplus da DINplus da NF, kuma a matakin farko na ENplus tokar da ta rage bayan ƙonawa ba za ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba.

Ana sayar da su a buhunan leda masu kilo 15, ko a jere a kan katakon ɗaukar kaya mai buhu 66, abin da ya kusa tan ɗaya, ko kuma mota mai tanki ta zo ta hura su ta bututu cikin rumbun da aka gina a gida. Na'urorin ƙona su iri biyu ne. Akwai murhu da ake girkawa a falo, mai ɗumama ɗaki ɗaya ko biyu da iska mai zafi. Akwai kuma babbar tukunya da ake ajiyewa a ɗakin ƙasa, tana dafa ruwa tana tura shi cikin bututu zuwa ƙarafunan ɗumama da ke jikin bangon kowane ɗaki. Dukansu biyu suna da wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke ɗebo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan yana zubawa a wuta, ga kuma fanka. Ma'ana, duk da cewa itace suke ci, idan wutar lantarki ta ɗauke su ma tsayawa suke yi, abin da masu saye da yawa ba sa sani sai ranar da ta faru.

Abin da ya faru da farashi a 2022

Shekaru da dama farashin ƙwayoyin itace bai cika motsi ba. Buhu mai kilo 15 yana tsakanin Yuro 4 zuwa 5, tan ɗaya kuma kimanin Yuro 300, wato sefa dubu 197. Wannan kwanciyar farashi ce ma dillalai ke tallata murhun da ita: mai yana hawa yana sauka da siyasar duniya, itace kuwa na gida ne. A kakar 2022 maganar ta rushe. Buhu ya kai Yuro 10 zuwa 12 a kantuna da yawa, tan ɗaya a buhuna ya haura Yuro 600, a wasu wurare ya taɓa 700. Wasu kantunan sun ƙayyade yawan buhunan da mutum ɗaya zai iya saya, wasu kuma babu kayan ɗungurungum. A Jamus, inda cibiyar DEPI ke fitar da farashi duk wata, tan ya haura Yuro 750 a watan Satumba na wannan shekara, alhali shekara guda kafin nan bai kai 250 ba.

Dalilan sun taru ne a lokaci guda. Na farko, masu buƙata sun ƙaru da sauri fiye da yadda masana'antu za su iya bi. A 2021 kaɗai cinikin murhun ƙwayoyin itace a Faransa ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari, na manyan tukwane kuma da kashi 120, saboda tallafin gwamnati da kuma sanarwar cewa daga 1 ga Yulin 2022 an haramta girka sabuwar tukunya mai aiki da man fiyul. Ƙasar ta kai ga ƙona fiye da tan miliyan 2 a shekara, abin da ya zarce wanda take sarrafawa, sai ta cike giɓin da na waje.

Na biyu, yaƙin Ukraine. Kafin watan Fabrairun 2022, Rasha da Belarus da Ukraine na sayar wa Turai kimanin tan miliyan 3 a shekara. A jerin takunkumi na biyar da ta amince da shi a watan Afrilu, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako da dangoginsa daga Rasha, haramcin ya fara aiki sosai a watan Yuli, na Belarus ma ya riga shi. Faransa ba ta cika saye daga Rasha kai tsaye ba, amma kasuwar ɗaya ce. Ƙasashen da suka rasa kayan Rasha sun bazama neman wani a ko'ina, musamman Italiya, wadda ta fi kowa ƙona ƙwayoyin itace a gidaje kuma mafi yawansu daga waje take shigo da su. Ga kuma tashoshin wutar lantarki na Ingila da Denmark da Holan da ke ƙona su da miliyoyin tan. Da farashin iskar gas a kasuwar Turai ya wuce Yuro 300 a megawat-awa a watan Agusta, waɗannan tashoshi sun iya biyan kowane farashi su kuma ci riba.

Na uku, kuɗin sarrafawa ya tashi: wutar da injin matsewa ke ci, zafin busarwa, ledar buhu, gazuwal na manyan motoci, har da ita kanta dusar katakon, wadda masu yin allunan katako ke takarar saye. Na huɗu kuma tsoro. Mutanen da suka saba sayen tan biyu a watan Oktoba sun ruga sun sayi uku ko huɗu tun watan Yuni. Ƙungiyar masu sana'ar, Propellet, ta yi ta roƙon jama'a su daina tara kaya fiye da buƙata. Wanda ya san yadda farashin hatsi ke yi a kasuwannin Sahel idan aka ji raɗe-raɗin ƙarancin damina ba zai yi mamakin wannan ba.

Gwamnati ta mayar da martani da wani tallafi na musamman, chèque énergie bois, daga Yuro 50 zuwa 200 ga kowane gida gwargwadon samunsa, wanda aka fara nema daga 27 ga Disamban 2022. An ware masa Yuro miliyan 230. Ga mai ƙona tan uku a shekara, Yuro 200 bai rufe ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin da ya biya ba. Abin da ya sauko da farashin a zahiri shi ne yanayi: hunturun ya zo da sauƙi, rumbunan mutane a cike, cinikin sababbin murhu ya faɗi warwas a 2023, an kuma buɗe sababbin masana'antu. Zuwa 2024 buhu ya dawo tsakanin Yuro 5 zuwa 6. Bai koma inda yake a da ba, kuma amanar da mutane suka ba shi ta riga ta taɓu.

Yadda famfon zafi ke aiki

Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firji ya ji ɗumi, ko ya wuce ta gaban akwatin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kira kilim a Yamai da Maraɗi, ya ji tana huro iska mai zafi waje, ya riga ya ga famfon zafi yana aiki. Na'urar ba ta ƙona komai. Aikinta ɗebo zafi daga wani wuri ta kai shi wani. Kilim na kwashe zafin ɗaki ta zubar waje, famfon zafi kuma na kwaso zafin waje ya shigo da shi ɗaki. Inji ɗaya ne aka juya masa fuska, kuma da yawa daga cikinsu suna yin aikin biyu, ɗumamawa da hunturu da sanyayawa da bazara.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne ina zafi yake a iskar da ta kai digiri 2 ko ma ƙasa da sifiri. Amsar tana cikin wani ruwa na musamman da ke zagaya bututun na'urar, wanda ke tafasa tun a sanyin da ya fi na iskar waje nesa ba kusa ba. Idan fanka ta huro iskar waje a kan bututun, ruwan yana tsotse ɗan zafin da ke cikinta ya zama tururi. Kwamfaresa, wadda ita ce ke cin wutar lantarki, tana matse tururin, matsewa kuma tana ɗaga zafinsa, kamar yadda famfon keke ke ɗaukar zafi idan ana bugun iska. Tururin mai zafi yana miƙa zafinsa ga ruwan bututun gida ko ga iskar ɗaki, ya koma ruwa, ya ratsa wata ƴar ƙaramar ƙofa da ke sauke matsinsa, ya yi sanyi ƙalau, ya sake komawa waje.

Saboda wutar ba zafin take samarwa ba, jigilarsa kawai take yi, kilowat-awa ɗaya na lantarki yana iya kawo uku ko huɗu na zafi. Wannan adadi shi ake kira COP. Hita ta lantarki ta yau da kullum ɗaya take bayarwa a kan ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce: masanin Birtaniya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana ta a 1852, injiniyan Ostiriya Peter von Rittinger ya yi amfani da ita wajen sarrafa gishiri ƴan shekaru bayan haka, kuma tun 1938 ake ɗumama ginin majalisar birnin Zurich da zafin da ake janyowa daga kogin Limmat.

Iri uku ne suka fi yawa. Mai ɗebo zafin iska ya hura iska cikin ɗaki, wato air-air, shi ne mafi araha kuma shi ne ainihin kilim mai juyawa. Mai ɗebo zafin iska ya ɗumama ruwa, air-eau, shi ne ke maye gurbin tukunya a gidan da ke da bututu, kuma a kansa ake yawan magana. Na uku yana janyo zafi daga cikin ƙasa ta hanyar haƙa rijiyoyi ko shimfiɗa bututu a ƙarƙashin fili. Ya fi sauran aiki da kyau domin zafin ƙasa ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da hunturu, amma kuɗin haƙar ya sa kaɗan ne ke iya shi.

Lissafin kuɗi

A ɗauki misalin gida matsakaici mai buƙatar zafi na kilowat-awa dubu 12 a shekara. Misali ne kawai, domin gidan da ke Lille da wanda ke Marseille ba ɗaya ba ne. Idan kilo ɗaya na ba da 4.8, na'urar kuma tana amfanar da kashi 85 cikin ɗari na abin da ta ƙona, gidan zai ci kusan tan 3. A kan Yuro 300 kuɗin shekara 900 ne, kimanin sefa dubu 590. A kan Yuro 700 na lokacin tsada ya zama 2,100, wato sefa miliyan 1 da dubu 378. A kan Yuro 350 kuma 1,050.

Famfon zafi mai COP 3 zai ci kilowat-awa dubu 4 na lantarki don wannan aiki. A nan ma farashi ba a tsaye yake ba. A 2022 gwamnatin Faransa ta danne ƙarin kuɗin wuta a kashi 4 cikin ɗari ta hanyar shirin da ta kira bouclier tarifaire, kilowat-awa yana kusan santim 17. Daga baya aka saki igiyar: ƙarin kashi 15 a Fabrairun 2023, kashi 10 a Agustan wannan shekara, da kusan wani kashi 10 a Fabrairun 2024, har ya kai santim 25. A Fabrairun 2025 aka rage kimanin kashi 15, ya dawo wajen santim 20. Don haka kuɗin shekara na famfon ya tashi daga kusan Yuro 700 zuwa 1,000, sannan ya sauko 800.

Idan aka jera su, hoton ya fito. A kakar 2022 mai famfon zafi yana biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mai sayen ƙwayoyin itace a ranar tsada ke biya. A 2024 kuwa kusan kunnen doki suka yi, 1,000 da 1,050. A farashin 2025 bambancin ya kai Yuro 250 a shekara. To amma girka famfon air-eau yana cin Yuro dubu 10 zuwa 16, wato sefa miliyan 6 da rabi zuwa 10 da rabi, kafin a cire tallafi. Wanda ke da tukunyar ƙwayoyin itace mai lafiya ya cire ta don ya tsira da Yuro 250 a shekara, zai yi shekara arba'in ko fiye bai mayar da kuɗinsa ba, alhali ita na'urar shekara 15 zuwa 20 ake sa ran ta yi. Wanda ya yanke shawara a kan farashin watan Satumban 2022 ya yi lissafi ne da ranar da ta fi kowace muni. Sauyin yana da ma'ana sosai ga wanda ke barin man fiyul ko tsohuwar hita ta lantarki, ko wanda tukunyarsa ta riga ta mutu, ko dattijon da ɗaukar buhu mai kilo 15 sau ɗari biyu a hunturu da kwasar toka suka fi ƙarfinsa. Wannan dalili na ƙarshe ba ya fitowa a lissafi, amma yana cikin waɗanda suka fi sa mutane sauyawa.

Akwai kuma masu haɗa biyun: famfon zafi ya riƙe gida a yawancin kwanaki, murhu ya taimaka a falo ranakun da sanyi ya tsananta. Ta haka idan ɗaya ya yi tsada sai a jingina da ɗayan.

Inda famfon zafi ke ba da kunya

COP ɗin da ke rubuce a takardar talla an auna shi ne da iskar waje a digiri 7 da ruwan bututu a digiri 35. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin sanyin waje da zafin da ake nema a ciki ta faɗaɗa, kwamfaresa na ƙara wahala, COP na sauka. Gida mai bututun ɗumama a ƙarƙashin daɓe yana wadatuwa da ruwa mai digiri 35. Tsohon gida mai ƙananan ƙarafunan ɗumama da aka yi domin tukunyar mai yana iya neman digiri 60 ko 70. A irin wannan gida, ranar sanyi, COP na iya faɗowa 2, kuma a misalinmu na sama hakan na nufin kilowat-awa dubu 6, wato Yuro 1,200 zuwa 1,500. Ribar ta tafi ke nan.

Shi ya sa hukumar ADEME da masu ba da shawara na France Rénov' ke nanata cewa a fara da jikin gidan: a lulluɓe ƙarƙashin rufi da bango da abin hana zafi fita, a gyara tagogi, sannan a auna girman na'urar da ta dace. Na'urar da ta yi wa gida girma tana ta tashi tana mutuwa har kwamfaresa ta gaji da wuri, wadda ta yi ƙanƙanta kuma tana jingina da hitar gaggawa da ke cikinta, mai cin wuta ɗaya a kan ɗaya. Sanyi kansa ba shi ne matsalar ba. A Norway, inda hunturu ya fi na Faransa tsanani, kimanin kashi 60 cikin ɗari na gidaje suna da famfon zafi, sai dai gidajensu a lulluɓe suke da kyau kuma wutarsu ta madatsun ruwa ce mai araha. A Jamus kuwa, inda lantarki ya fi tsada, dokar ɗumama gidaje da ministan tattalin arziki na lokacin Robert Habeck ya kawo a 2023 ta jawo ce-ce-ku-ce na watanni kafin ta fara aiki a 1 ga Janairun 2024.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna kai mutane kotu. Akwatin waje yana da ƙara, dokar Faransa kuma ba ta yarda ƙarar ta ɗara ta unguwa da fiye da desibel 5 da rana ko 3 da dare ba, don haka wurin da aka girka shi kusa da tagar maƙwabci na iya zama rigima. Doka ta wajabta duba na'urar duk shekara biyu. Ruwan da ke cikin bututun ma abin lura ne: tsohon nau'in R410A idan ya yoyo yana ɗumama duniya fiye da iskar carbon sau dubu biyu, shi ya sa sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024 ke tura masana'antu zuwa irin su R290, wanda iskar propane ce.

Tallafi da ƴan damfara

Babban tallafin gwamnati shi ne MaPrimeRénov', wanda aka ƙaddamar a Janairun 2020 a ƙarƙashin hukumar Anah. A 2024 da 2025 yana ba da Yuro 5,000 ga iyalai mafi ƙarancin samu don girka famfon air-eau, 4,000 ga na sama da su, 3,000 ga matsakaita, ban da wani tallafin da kamfanonin makamashi ke biya ta tsarin CEE. Famfon air-air ba ya cikin wannan rabo na MaPrimeRénov'. A ɗaya ɓangaren an zaftare tallafin na'urorin itace da kashi 30 cikin ɗari a 1 ga Afrilun 2024, aka sake zaftare wani kashi 30 a 1 ga Janairun 2025. Inda gwamnati ta karkata a bayyane yake: a Satumban 2023 Shugaba Emmanuel Macron ya sa burin ƙera famfon zafi miliyan 1 a shekara a cikin Faransa zuwa 2027.

Kasuwa ba ta bi burin ba. Bayan an sayar da kusan famfon air-eau dubu 350 a 2022, adadin ya faɗo ƙasa da dubu 200 a 2024. Farashin gas ya sauka, na lantarki ya hau, gine-ginen sababbin gidaje sun tsaya, ƙa'idojin tallafin kuma suna sauyawa kusan duk shekara har masu aikin kansu suna rikicewa. Haka abin yake a Turai baki ɗaya, inda cinikin ya kai kusan miliyan 3 a 2022 sannan ya ja baya shekara biyu a jere.

Inda kuɗin gwamnati ke zuba, ƴan damfara ba sa nisa. A 2022 an buɗe shafukan intanet na bogi masu tallar ƙwayoyin itace da rabin farashi, a karɓi kuɗi ta banki a ɓace. A ɓangaren famfon zafi kuma akwai masu bugo waya da sunan wata hukuma suna alkawarin girkawa a kan Yuro ɗaya, daga ƙarshe mai gida ya tarar ya sa hannu a takardar bashi. Abubuwa uku sun isa kariya. Tun dokar 24 ga Yulin 2020 haramun ne a bugo wa mutum waya don tallar gyaran makamashin gida, don haka duk mai bugowa ya riga ya taka doka. Tallafi ba ya fita sai mai aikin yana da shaidar RGE, wadda ake iya dubawa a shafin France Rénov'. Kuma ana shigar da takardar neman tallafi ne kafin a fara aiki, wanda ya fara aiki tukuna yana iya rasa shi.

Hayaƙi, lantarki da yuraniyom

Gidaje kimanin miliyan 7 ne ke ƙona itace a Faransa, kuma wannan ƙonawa ita ce kan gaba wajen fitar da ƙurar hayaƙi mai laushi da ke shiga huhu, fiye da kashi 40 cikin ɗari na abin da ƙasar ke fitarwa. Mafi yawan laifin na buɗaɗɗun murhuna ne da tsofaffin na'urori masu cin gungume. A kwarin Arve da ke gindin tsaunin Mont Blanc an haramta buɗaɗɗen murhu tun 1 ga Janairun 2022. Murhun ƙwayoyin itace na zamani hayaƙinsa kaɗan ne idan aka kwatanta, ko da yake bai kai famfon zafi ba, wanda ba ya fitar da komai a wurin da yake.

Tsabtar famfon ta dogara ne ga inda wutar ta fito. Kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga tashoshin nukiliya yake, a nan ne kuma labarin ya taɓo Nijar. A cikin shekaru goma kafin 2023 kusan kashi 20 cikin ɗari na yuraniyom ɗin da Faransa ta shigo da shi daga Nijar ya fito, bayan Kazakhstan. Mahaƙar Cominak da ke Akokan ta rufe a ƙarshen Maris 2021, hukumomin Yamai sun janye lasisin Imouraren daga kamfanin Orano a Yunin 2024, sannan a Yunin 2025 suka sanar da mayar da Somaïr ta Arlit mallakar ƙasa. Ita ma wutar tana da nata rauni: a 2022 tsatsar da aka gano a bututun wasu tashoshi ta sa aka tsayar da su da yawa, Faransa ta sayi wuta daga waje fiye da wadda ta sayar, karon farko tun 1980. Kamfanin RTE mai kula da manyan layuka ya ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru a hunturu yana ƙara buƙatar ƙasar da kusan megawat 2,400.

Ga masu haya

Yawancin ƴan Afirka da ke zaune a Faransa haya suke yi, kuma zaɓen na'urar ɗumama na mai gida ne, biyan kuɗin wuta ko na itace kuma na ɗan haya. Abin da ɗan haya ke da shi a hannu shi ne takardar DPE, wadda ke ba kowane gida harafi daga A zuwa G gwargwadon cin makamashinsa, kuma dole a nuna ta a cikin tallar gidan da lokacin sa hannu. Daga 1 ga Janairun 2025 ba a yarda a ƙulla sabuwar haya a gida mai harafin G ba, na F zai bi a 2028, na E a 2034. Tun Agustan 2022 ma an hana ƙara kuɗin haya a gidaje masu F da G. Kafin a karɓi makulli yana da kyau a tambayi da me ake ɗumama gidan, a nemi ganin kuɗin da wanda ya fita ya biya a hunturun da ya wuce, idan kuma murhu ne a nemi takardar sharar bututun hayaƙi ta ƙarshe, domin doka ta wajabta sharar aƙalla sau ɗaya a shekara kuma kamfanin inshora yana neman takardar idan gobara ta tashi.